Amsoshin Wasiƙunku: Ko Yawan Buga Ƙwallon Lambu A Ɗaka Yana Ɓata Hannu?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo mazaunin Kaduna, wanda ya nemi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Tambayar tasa a kan ƙwallon lambu ce, watau golf, wasan nan da ake bugun 'yar farar ƙwallo da sanda ana bin ta daga rami zuwa rami har guda 18. Na san wasu za su ce, wannan ai wasan manya ne, ina ruwan talaka? To a ɗan yi haƙuri a saurara, domin amsar ta shafi duk mai koyon aikin hannu.

TAMBAYA: Alhajin ya ce ya fara wasan ne bayan da ya yi ritaya. Da ya ga zuwa fili kullum yana ba shi wahala, sai ya kafa raga a garejin motarsa, ya sayo tabarmar ciyawar roba ya shimfiɗa a kan siminti, ya dinga bugun ƙwallo wajen 200 kowane dare bayan sallar isha'i, har tsawon wata biyar. A gareji, in ji shi, kowane bugu tas yake fita. Amma da damina ta sauka ya koma fili, sai ga shi yana sarar ƙasa kamar mai huɗa, ƙwallo ba ta zuwa ko'ina, wadda ta samu ta tashi kuma sai ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin itatuwa. Ga gwiwar hannu tana damunsa da ciwo. Abokan wasansa da ba su yi atisayen komai ba su ne suke cinye shi. Shi ne yake tambaya, shin atisayen ne ya ɓata masa hannu, ko kuwa tsufa ne ya zo? In kuwa atisayen ne, ya kwance ragar ya sayar?

AMSA: To Alhaji, ranka ya daɗe, mun gode da wasiƙa. A taƙaice dai, e, yana iya ɓatawa, kuma alamun da ka zayyana sun fi kama da aikin gareji bisa ga aikin shekaru. Amma kada ka yi saurin kiran dillali tukuna.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, jiki ba ya tantance daidai da kuskure. Abin da aka maimaita masa shi yake haddacewa. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a aji ya san wannan. Yaron da aka bari ya yi wata uku yana rubuta harafi a juye, ba wanda ya duba littafinsa, gyara shi ya fi koya wa sabon shiga wuya. A filin golf masu duba littafin su biyu ne: ƙasar da kake bugu a kai, da kuma tafiyar ƙwallo a sararin sama. Gareji ya raba ka da dukansu. Ka yi lissafi da kanka, bugu 200 a dare har wata biyar, ai ya kai 30,000 ke nan, kuma ba ko ɗaya da aka ba maki.

Bari mu fara da tabarma, domin ita ce babbar mai laifi. Masu koyo da yawa suna zaton cusa sanda ake yi ƙarƙashin ƙwallo a ɗebo ta sama, kamar yadda ake kwasar tuwo da mara. Ba haka ba ne. Fuskar sandar a karkace aka ƙera ta, wannan karkatar ita take ɗaga ƙwallo. Aikin mai bugu, in yana riƙe da sanda mai kan ƙarfe, shi ne ya sauko da ita ta sami ƙwallo tukuna, sa'an nan ta wuce ta yanki ƙasa a gaban inda ƙwallon take. Na'urorin awo sun nuna cewa ƙwararrun da ke buga manyan gasannin Amurka, in sun ɗauki ƙarfe mai lamba 7, kan sandar yana kan gangarowa da kamar digiri 4 a daidai lokacin da ya taɓa ƙwallo. Shi ya sa in kana kallonsu a talabijin za ka ga ɓawon ciyawa ya tashi ya bi bayan ƙwallo. Ƙwallo da fari, ƙasa daga baya, wannan shi ne tsarin.

To yanzu a ce ka kuskure, sandarka ta sauka da wuri, ta taɓa ƙasa kamar faɗin yatsa biyu kafin ta isa ƙwallo. A fili nan take za ka sani. Ƙarfen zai nutse, ƙarfin bugun ya tafi cikin ƙasa, ƙwallo ta yi 'yar tafiya ta tsaya, hannunka ya ji, idonka kuma ya ga tabon a bayan inda ƙwallon take. An yi maka jan biro ke nan. A kan tabarma fa? Zaren roba ne a kan katifar roba, a kan siminti. Ƙarfe ba shi da inda zai nutse, sai ya zame ya yi ɗan tsalle ya je ya sami ƙwallon duk da haka. Ka ji ƙara mai daɗi, ƙwallo ta daki raga, ka ce madalla. Bugun da fili zai ba ka sifili, tabarma ta ba ka tara bisa goma. Ka maimaita shi dare bayan dare, jiki ya ɗauka haka ake yi.

Ka ce da damina abin ya bayyana. Wannan ma bai ba ni mamaki ba. Da rani ƙasar arewa takan bushe ta yi tauri, tana iya mayar da sanda sama, ta ɗan rufa wa mutum asiri kusan yadda tabarma take yi. Ƙasar da ta sha ruwa kuwa haɗiye sanda take yi. Ranar wanka, Alhaji, ba a ɓoyon cibi.

Ɓarnar tabarma ta biyu ita ce wadda gwiwar hannunka take faɗa maka. Ƙasa in an sare ta takan ba da hanya, ta yanke ta tashi. Siminti ba ya ba da hanya. Duk girgizar sai ta dawo ta bi sanda, ta hau wuyan hannu, ta tsaya a gwiwar hannu. Abin sananne ne ƙwarai, har likitoci suka raɗa wa wani ciwon jijiyar gwiwar hannu ta ciki sunan 'yan golf. Shi kuwa jiki wayo gare shi, ba ya son abin da zai ji masa ciwo. Ba tare da ka sani ba sai ya fara gudun tabarmar: nauyinka ya tsaya a ƙafar baya, ƙirji ya ɗago da wuri, wuyan hannu ya karye yana ƙoƙarin tsince ƙwallon daga sama-sama. Mai wannan hali in ya fita fili, yau ya sari ƙasa, gobe ya daki ƙwallo a ka ta gangara kamar ƙodago. Mutum sai ya zaci cuta biyu ke damunsa, alhali guda ce, watau wurin da sandar take kaiwa ƙasa ya koma baya. Game da ciwon dai, a huta da bugu, a je a ga likita. Ba a yi wa jijiya gardama.

In kana son ka san yadda manyan wasan suke kallon tabarma, dubi abin da Tiger Woods da Rory McIlroy suka yi. A watan Janairu na 2025 aka fara gasarsu ta cikin ɗaki mai suna TGL a jihar Fulorida ta Amurka. Allon da ake bugu a kai faɗinsa ƙafa 64 ne, tsayinsa 53. Duk da wannan uban kuɗi da na'urori, wurin da 'yan wasa suke tsayawa su yi bugu ciyawa ce ta gaske aka shigo da ita, gajera da doguwa, har da yashi na gaske. Sun yarda na'ura ta kwaikwayi sama da itatuwa da tafki, amma a wurin bugun allo ba su yarda ta kwaikwayi ƙasar da sanda za ta taɓa ba.

Sai raga. Ita ba ƙarya take yi ba, shiru take yi, kuma shirun ma cuta ne. Inda fuskar sanda take kallo a lokacin bugu, shi ne yake yanke kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara nufa. A ce fuskar ta kauce dama da digiri 3 kacal. A ragar da ke mita 3 daga gabanka, ƙwallo za ta kauce da kamar santimita 16, bai kai tsawon biro da murfinsa sau biyu ba, ido ma ba zai kula ba. A fili kuwa, kafin ta yi mita 180 ta kauce da fiye da mita 9. Wannan tun ba a zo maganar lanƙwasa ba. Lanƙwasa tana faruwa ne in fuskar sanda tana kallon wani gefe, sandar kanta kuma tana tafiya wani gefen, sai ta goge ƙwallon ta sa ta juyawa a karkace. Juyawar nan sai ta sami iska da nisan tafiya kafin ta nuna aikinta. A gareji ƙwallo ba ta rayuwa har ta kai nan. Ƙwallon da za ta faɗa daji da wadda za ta sauka tsakiyar fili, ƙararsu ɗaya ce a jikin raga.

Akwai kuma wani taimako da ɗaki yake yi wa mutum a ɓoye. Tabarma mai kusurwa huɗu ce, bango a miƙe yake, raga tana gabanka sak. Su ne suke saita maka ƙafa da kafaɗa, ba kai ba. Ranar da ka tsaya a buɗaɗɗen fili, ba bango ba layi, sai ka tarar ka manta yadda ake saiti.

Rufin garejin ma a duba shi. Babbar sandar nan mai ƙaton kai da ake buɗe rami da ita, wadda ake kira direba, tsawonta wajen inci 45 ne. Masu harhaɗa irin waɗannan ɗakuna sukan nemi rufi mai tsayin ƙafa 9 zuwa 10. In bai kai ba, ko akwai fanka ko ƙwan lantarki a sama, ko bango a kusa, mutum yakan takure ko da sandar ba ta taɓa komai ba. Ya rage ɗaga hannu, ya kwantar da sanda, ya tsayar da ita kafin ta gama zagayenta. Gwajin mai sauƙi ne: in har tunanin rufi yana zo maka a tsakiyar bugu, to rufin ya riga ya shiga cikin bugun. A irin wannan ɗaki gajerun sanduna kaɗai ya kamata a taɓa.

Wani zai ce, to ai yanzu akwai na'ura mai allo da take nuna maka inda ƙwallo ta tafi. Gaskiya ne. Kamfanin TrackMan da aka kafa a ƙasar Denmak a 2003 yana amfani da rada wajen bin ƙwallo, wasu kamfanonin kuma da kyamara mai saurin ɗauka. Waɗannan sun magance shirun raga, domin za su nuna maka lanƙwasar ƙiri-ƙiri, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai tabarma tana nan a ƙarƙashinka, kuma na'urar ta zo da tata cutar, watau farautar lamba. Allo ya ce mita 190, zuciya ta ce sai ka kai 200. Mutum ya ɗaure haƙora yana dukan ƙwallo kamar ta ci masa bashi, domin a ɗaki ba a ɓatar da ƙwallo, ba a shiga ƙaya neman ta. Iska da tudu da gangare kuwa ba sai an faɗa ba. Allo zai iya zana maka tudu, amma ƙafarka a miƙaƙƙen daɓe take. Dokar wasan kuwa cewa ta yi a buga ƙwallo a inda ta kwanta.

Saura abu guda, kuma shi ne ya fi jan hankalina a matsayina na wanda ya bi ta kwalejin horon malamai. Ka taɓa ganin yaron da ya iya rera jadawalin sau bakwai tun daga farko har ƙarshe ba gargada, amma in ka tare shi a hanya ka ce bakwai sau takwas, sai ya koma bakwai sau ɗaya ya faro? Waƙar ya haddace, ba lissafin ba. A 1979 wasu masana biyu a Amurka, John Shea da Robyn Morgan, sun gwada wannan a kan aikin hannu. Suka koya wa mutane motsi iri uku na ture wasu 'yan shingaye da sauri. Rukuni ɗaya suka yi ta maimaita motsi guda har suka gama kafin su koma na gaba, ɗaya rukunin kuma aka cakuɗa musu. A lokacin koyo masu maimaitawa ne suka fi ƙwazo. Da aka sake gwada su daga baya, har bayan kwana 10, sai masu cakuɗawar suka yi musu fintinkau. To haka gareji yake. Sanda ɗaya, wuri ɗaya, ƙwallo tana bin ƙwallo kafin ka ƙirga goma. In ka kuskure ta farko ka gyara a ta biyu, zuwa ta goma ka kama waƙar. A fili kuwa zagaye guda yakan ci wajen sa'a huɗu, dokar wasa ta yarda ka ɗauki sanduna har 14, da wuya ka yi bugu biyu a jere da sanda ɗaya, kuma tsakanin bugu da bugu akwai tafiya da jira da hira. Kowane bugu, bakwai sau takwas ne a bakin hanya.

Duk da haka, zalunci ne a ce ɗaki ba shi da amfani. A Koriya ta Kudu, inda filaye suke da tsada, golf na allo ya zama ruwan dare. Kamfanin Golfzon da aka kafa a 2000 yana da dubban shaguna a ƙasar, har gasar ƙwararru ake yi a kan allo. Ɗaya daga cikin zakarun wannan gasa, Kim Hong-taek, shi ne ya ci gasar Maekyung Open a watan Mayu na 2024, a fili na gaske, a kan ciyawa ta gaske. Amma a lura, shi ɗan wasa ne mai buga gasannin fili, ɗaki ƙari ne a gare shi. Malaman wasan ma sukan sa ɗalibi gaban raga da gangan in suna son su sauya masa riƙon sanda ko tsayuwa, domin hankalinsa ya bar inda ƙwallo ta tafi ya dawo kan abin da jikinsa yake yi. Ga wannan aiki ɗaki ya fi fili.

Saboda haka Alhaji, ragar ta zauna, amma a samo mata mai duba littafi. Ka ninke ƙaramin tawul ka ajiye a bayan ƙwallo da tazarar faɗin tafin hannu. In sanda ta sauka da wuri, tawul zai tashi, ƙaryar tabarma ta ƙare. Ka shafa 'yar hoda a fuskar sanda, tabon ƙwallo zai nuna maka ko tsakiya ka samu ko gefe. Ka jingine wayarka ta ɗauke ka daga gaba da kuma daga baya, domin abin da mutum yake ji yana yi da abin da yake yi sau da yawa ba su san juna ba. Ita tabarmar kuma, in siririya ce a kan tsurar siminti, wannan ita ce ta cancanci dillali. A nemi mai kauri wadda kan sanda yake ɗan nutsewa a ciki.

Bugu 200 ɗin nan kuma a rage shi, a ganina 40 ko 50 sun isa, bayan hannu ya warke. Amma kowane ɗaya a yi shi kamar na fili: ka sauka daga tabarma, ka tsaya a bayan ƙwallo ka zaɓi wani ɗigo a jikin raga, ka shigo ka saita, ka buga, ka sauya sanda. Kai da ka san ramukan filinku ɗaya bayan ɗaya, sai ka riƙa bin su a zuci, direba, sa'an nan ƙarfe, sa'an nan gajeriyar sanda. Wani lokaci ka karkata tabarmar don kada layinta ya riƙa yi maka saiti.

Sa'an nan ko da sau ɗaya ne a mako, a taka ƙasa ta gaske. Ka ja layi a ƙasa da tsinke, ka jera ƙwallaye a kansa, ka duba inda tabon sandarka yake farawa. In a kan layin ne zuwa gaba, ka dawo hanya. In a baya ne, da sauran aiki. Kada kuma girma ya hana ka ce wa malamin wasa na kulob ɗinku ya tsaya ya kalle ka, ko ma ɗaya daga cikin samarin nan masu ɗaukar jakar sanduna. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara, kuma wanda ya wuni yana kallon bugun mutane yakan hango a bugu uku abin da gareji ya ɓoye maka wata biyar. Makonnin farko za ka ji kamar wasan ya ƙara lalacewa, domin sabon motsi yana kokawa da tsohon da aka maimaita sau 30,000. Kada wannan ya sa ka koma wa tsohon.

Allah ya ƙara sauƙin hannu, Alhaji. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da wasiƙu, sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu.